Sammacin Ragon Layya

Garin da na fara sauka a Amirka bai kai Takieta girma ba, kuma babu abin da ake yi a cikinsa sai yankan kaji. Ni da na bar Damagaram da katin zaman da na ci a cacar biza, ina hangen dogayen benaye, sai ga ni a tsakiyar gonakin masara ina zare hanjin kaza tun safe har la'asar. A wurin aikin babu mai jin Hausa ko ɗaya. Faransancin da nake taƙama da shi tun lakol, wato makarantar boko, ma babu mai saye. Wata bakwai na yi ban ce wa kowa "ina kwana" ya amsa mini ba, har na koma ina gaida kaina a madubi da safe, in amsa, don kada bakina ya yi tsami.

Sunana Lawali, ɗan Malam Isa baduku na unguwar Birni. Ni ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne, irin masu alkunya ta gaske. Tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, wannan," shi ne sunana a bakinsa. In zai yi mini magana, fatar da yake ɗinki yake kallo, ko bango. Ban taɓa jin zafin hakan ba, haka na tashi na gani. Ranar da zan tafi ma bai ɗago kai ba, ya dai ce, "Ka riƙe salla, kuma kada a ji sunan gidan nan a bakin hukuma."

To, babbar salla ce ta ja mini.

Da ta matso, kewar gida ta taso mini kamar zazzaɓi. Na ce wallahi ko ni kaɗai ne musulmi a garin nan sai na yi layya, kuma irin ta gida. Ku da kuka sani, mu ba ma soya rago ranar salla. Banƙare shi ake yi a kan sanduna biyu a gicciye, a jingina shi a gefen wutar itace a ƙofar gida, ya sha wuta tun hantsi har magariba, washegari a raba wa dangi da maƙwabta. Na sami wani manomi a bayan gari ya sayar mini da rago, na roƙi wani abokin aiki ya kawo mini shi a bayan motarsa. Na kwaso tsofaffin katakai daga wurin aiki. A ɗan filin ciyawar da ke bayan gidan da nake haya na yi bisimilla na yanka, na feɗe, na banƙare, na hura wuta. Da kitsen ya fara ɗiga, ƙamshin ya tashi, sai na zauna a ƙasa na yi kabbara ni kaɗai, hawaye na zuba. Ranar ce ta farko da na ji ni mutum ne a ƙasar nan.

Ban yi awa biyu da jin daɗina ba sai jiniya. Motar ƴan kwana-kwana, ja wur, da motar polis a bayanta. Kafin in haɗa Turancin da zan ce "ku tsaya", sun saki ruwa. Wuta ta mutu, ragona ya jiƙe sharkaf, yana tsaye a kan sanduna yana ɗigar ruwa. Kai! Da a Birni ne wani ya yi mini haka, da sai an raba mu. Amma na haɗiye. Polis ɗin ya yi ta magana yana nuna wutar, yana nuna jinin, ya karɓi katina ya rubuta, ya miƙo mini wata takarda rawaya, ya nuna inda zan sa hannu. Na sa. Ta bayan shinge na hango wadda ta kira su: tsohuwar da ke gidan kusa, fara sol, rungume da ɗan karenta mai riga.

Na ƙarasa gasa naman gunduwa-gunduwa a murhun ɗaki. Washegari na dubi takardar, na ga kwanan wata da sunan tiribinal, wato kotu, na gane sammaci ne. Ban damu ba, don na san maganin abin. A gida in maƙwabci ya kai ka komisariya wurin polis, ba komisariyar kake bi ba, maƙwabcin kake bi. Ka je da goro ko da babba, ka ba da haƙuri, ya ce ya yafe, a shafa fatiha, magana ta mutu. Wane alƙali ne zai tada maganar da masu ita suka binne? Sai na zaɓi cinya guda, na barbaɗa yaji, na rufe da faranti, na buga mata ƙofa.

Ta buɗe a tsorace. Na durƙusa kaɗan na miƙa mata, na ce da Hausa, "Gwaggo, ga naki kason. A yi haƙuri." Na ƙara da ƴan kalmomin da na iya. Ta dubi naman, ta dube ni, sai ta fashe da kuka. Da hannu da baki ta fahimtar da ni cewa ta ɗauka gobara ce. Ta jawo ni ciki, muka zauna a teburinta muka ci, har karen ya sami ƙashi. Ta riƙe hannuna tana ta maimaita kalmar ban haƙuri. Na ɗaga hannu na shafa fatiha, ita ma ta kwaikwaye ni. Na koma ɗaki na cusa takardar a ƙasan jaka. Daga ranar kullum na dawo aiki sai na kwashe mata shara, ita kuma ta ɗaga mini hannu ta taga. Ita kaɗai ce mai jiran dawowata a garin.

Bayan wata huɗu na bar garin kaji, na koma wani babban birni can gabas, tafiyar kwana biyu a kar, babbar motar fasinja. Na sami aikin ɗora kaya a wani katafaren sito, na haɗa ɗaki da Hama, wani Bazabarme direban taksi da ya daɗe a ƙasar, mai jin Hausa da Turanci. Shekara uku na yi a nan. Ban gaya wa kowa a tsohon garin inda na koma ba, don ban san akwai mai nemana ba.

Wata Juma'a ƙanwata Zuwera ta kira ni. Ta ce, "Yaya, idon Baba ne. Na hagu ya riga ya tafi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, na daman ma rufewa yake yi. Yanzu ya ce kamar ta hudar basilla yake gani."

Na ce ta kunna hoto a salula ya gan ni. Ta ce sun gwada da hotona, haske kawai yake gani. Sai na ji ana karɓar wayar, na ji numfashinsa.

"Kai, wannan."

"Na'am, Baba."

"In da hali, ka zo in gan ka tun da sauran gani."

Shi ke nan abin da ya faɗa, ya mayar mata da waya. Mutumin da bai taɓa roƙona ko ruwan alwala da bakinsa ba. Na zauna a bakin gado da wayar a hannuna.

Washegari na ce wa Hama ya taimake ni in yanki biye, wato tikitin jirgi. Ya ce, "To, amma ka duba sunanka tukuna. Wani ɗan ƙasarmu ya je gida bara, da ya dawo a filin jirgi aka riƙe shi, kan wata tsohuwar magana da ya manta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Polis ya taɓa ba ka takarda?"

Na yi dariya na ba shi labarin rago. Shi bai yi dariya ba.

"Ka je tiribinal ɗin?"

"In je in yi me? Mun shirya da matar. Ta ci nama."

Ya dafe kai ya ce, "Lawali, Lawali." Ya ɗauko salularsa ya ce kowace gunduma a ƙasar nan tana da shafin da take jera sunayen waɗanda alƙali ke nema, kowa na iya dubawa. Ya tambaye ni sunan garin kaji, ya nemo shafinsu, ya rubuta sunana. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba, sai ga shi: Lawali Isa, da ranar haihuwata, da wasu kalmomi a gefe. Ya ce, "Wannan manda ce, takardar kamu. Ba don rago ba, don an kira ka ba ka je ba. Shekara uku tana jiranka."

Shekara uku ina yawo, ina gaida polis a hanya, ashe ni abin nema ne. Na ce, "To in na tafi haka fa?"

"Fita ba wuya. Dawowar ce ban sani ba. Wataƙila su bar ka, wataƙila su riƙe ka, su taɓa katinka. Kai ka san bakin da ke ci daga hannunka."

Na sani kuwa. Tunda idon Baba ya fara, basilla ta faɗi daga hannunsa, gidan gaba ɗaya a wuyana yake.

Da Zuwera ta kira ta ce Baba na tambaya yaushe, sai bakina ya ce, "Sati mai zuwa." Ban iya cewa hukuma na nemana ba. Abu biyu kacal mutumin nan ya ce mini da zan tafi, ga shi na karya ɗaya, sunan gidansa na rataye inda duk duniya za ta karanta. Na ce a raina kwana bakwai sun isa in gyara, ba sai ya ji ba.

Nan na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. A masallaci aka nuna mini wani Alhaji mai shagon tura kaya gida, aka ce ya san mutane, yana iya sa a goge suna daga ordinater, wato kwamfutar hukuma. Hama ya ce kada in je. Na ce shi bai san yadda ake bin abu ta hannun manya ba. Alhaji ya karɓe ni da shayi, ya ce, "Ƙaramin abu ne, ɗana, ka ɗauka an gama." Ya karɓi abin da ya karɓa. Kullum in na je sai ya ce mutumin nasa ya fita, gobe. Kullum da safe kafin in yi kalaci sai na sa Hama ya buɗe shafin, kullum sunana na nan daram. Har na koyi buɗewa da kaina, ina dubawa a wurin aiki, a cikin kar, a bakin masallaci, kamar mai leƙa miki. Ranar kwana na goma sha huɗu na shiga shagon na daki tebur na ce, "Alhaji, kai da Allah! Idon ubana kake ci, ba guminka ba!" Mutane suka riƙe ni. Ya ce a fitar da mahaukaci. Na fita, babu wanda ya ko waiwaye ni a titin.

A daren ranar na kwana da fushi, da safe na sauke girman kai na ce wa Hama ya yi yadda ya ce tun farko. Ya kira lambar da ke ƙasan shafin, wadda take nan a gabana duk kwanakin nan. Wata magatakarda ta ɗauka. Ta ce babu mai iya cire sunan sai alƙalin da ya sa shi, kuma sai na zo da kaina. Ta ce rana ɗaya yake warewa a wata don irin wannan magana, ta wannan watan ta wuce kwana huɗu da suka shige. Kwana huɗu! Ina can ina shan shayin Alhaji. Na ce ya tambaye ta ko za a kama ni in na zo. Ta ce wanda ya zo da ƙafarsa yawanci ba a kama shi, amma ba ta yi alkawari ba. Ta rubuta sunana a ranar wata mai zuwa.

Waɗannan makonnin ban san yadda zan kwatanta su ba. Hama yana fita tun asuba, ni ina ɗora kwali ina saukewa. Duk Juma'a Zuwera ta kira, duk Juma'a in ce patro, shugabanmu na wurin aiki, shi ne ya hana, sati mai zuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani, amma na riga na shiga. Sau ɗaya ta ce, "Yaya, in ba ka da kuɗin jirgi ne ka faɗa." Na daka mata tsawa na kashe waya. Ita ba ta yi mini komai ba, kaina nake jin haushi.

Da lokaci ya yi na hau kar ni kaɗai, da jaka ɗaya da takardar nan rawaya da na tono. Na bar wa Hama paspor ɗina da lambar Zuwera, na ce in bai ji ni ba bayan kwana huɗu ya gaya mata gaskiya. Hanya ta miƙe, gonaki, gonaki, babu mutum ko ɗaya a cikinsu. A gida ko daga Zinder zuwa Mirya kake zuwa, kafin ku isa ka san sunan na kusa da kai da abin da ya fito da shi. Nan wanda ke gefena ya toshe kunnuwansa tun da ya zauna. Duk motar polis da ta wuce mu sai in sunkuyar da kai. A wata tasha na shimfiɗa rigata bayan motoci na yi azahar da la'asar, na roƙi Allah abu ɗaya: ya riƙe wa Baba hudar basillar nan har in iso.

Na isa garin kaji ana gobe zama. Ban nemi masauki ba sai da na nufi gidan Gwaggo, don ita ce shaidata. Ita za ta gaya wa alƙali mun shirya. Na tarar an sake wa gidan fenti, da kekunan yara a ƙofa. Matar da ta buɗe ta ce tsohuwar tana gidan tsofaffi, ta rubuta mini kwatance. Na taka da ƙafa.

Na same ta a keken guragu a bakin taga, ta ƙanƙance. Babu karen. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ni ne, mai rago." Na kwatanta wuta da hannu, na kwatanta ƙaho. Ta dube ni da murmushi, ta kama hannuna, ta kira ni da wani suna da ba nawa ba. Mai kula da su ta ce sunan ɗanta ne, yana wata jiha, ya daɗe bai zo ba. Gwaggo ta ce, "Ka zo." Wannan kam na ji Turancinsa. Na ce, "Na zo." Na zauna a gefenta har aka kawo musu abinci, tana riƙe da hannuna, muna kallon wurin ajiye motoci. Na fito ba ni da shaida, kuma na kasa daina tunanin wanda nake bari yana jira.

Da safe na sa rigata mai kyau na tafi tiribinal. Ɗan gini ne na jan bulo. A ƙofa polis ya karɓi takardata ya duba a ordinater, ya dube ni. Na miƙa masa hannuwana biyu a haɗe, don in za a sa ankwa a sa a gama. Ya girgiza kai, ya nuna mini benci. Mu kamar goma sha biyar ne, kowa da tasa, babu mai kallon wani.

Da aka kira sunana na tashi. Alƙalin dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya tambayi yaren da nake ji, na faɗa. Na ɗauka za a ce babu. Sai magatakardar ta danna wata waya a kan tebur, aka ɗan jira, sai murya ta fito, muryar mace, tar da ita:

"Ina kwana, malam. Ni ce tafinta. Duk abin da aka faɗa zan mayar maka, duk abin da ka faɗa zan mayar musu."

Wallahi sai da na dafa tebur. A garin nan, garin da na yi wata bakwai ina gaida madubi. Na ce, "Lafiya lau, ina gajiya, ina gida, ina yara?" Ta ce, "Lafiya. Malam, alƙali na jira."

Ya tambaye ni ko na san an kira ni shekara uku da suka wuce. Na ce na sani. Ya ce me ya hana ni zuwa? Na ce, "Ranka ya daɗe, mun shirya. Na kai mata cinya guda, ta ci, ta yafe, mun shafa fatiha." Na ji kamar tafintar tana danne dariya, sannan ta mayar. Alƙali ya cire tabarau. Ya sa na ba shi labarin tun daga sayen rago har zuwan ƴan kwana-kwana. Sannan ya ce maganar ba tsakanina da tsohuwa take ba, ita kira kawai ta yi. Garin ne ya yi ƙarata, kan hura wuta a fili da yanka a unguwa.

Na ce, "Garin? To ai ban sani ba. Da na sani da na kai masa nasa kason."

Ba da wasa na faɗa ba, amma da ta mayar sai ɗakin ya ɗauki dariya, har polis ɗin ƙofa. Alƙali ya ce me ya kawo ni yau? Na ce ubana ne ke makancewa, ya ce in zo ya gan ni. Muryar tafintar ta sauka da tana mayar da wannan. Ya yi rubutu, ya ce ya janye takardar kamun, ya kori ƙarar tunda wannan ne na farko, in na sake samun takarda mai kwanan wata in zo ko da na shirya da duniya duka. Ya buga hatimi. Na dubi agogon bango. Minti bakwai.

Kafin a kashe wayar, matar ta ce da sauri, ba cikin aikinta ba, "Allah ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Ka yi sauri." Ban san sunanta ba, ban san garin da take ba. Na fito na zauna a matakalar tiribinal na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, mutane na ratsa ni suna wucewa.

Kwana biyu bayan haka na buɗe shafin a ɗakinmu, na rubuta sunana, babu kowa. Na sake rubutawa sau uku. Sati bakwai cif daga ranar da Baba ya yi magana na sauka Yamai, na kama kar ta gabas. Ban gaya wa kowa ba, don na gaji da cewa ina zuwa. Sai da muka wuce Takieta na kira Zuwera na ce ga ni nan. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Da hantsi na shiga Birni. Duwatsun na nan, lungunan na nan, ƙamshin jimar fata na nan. Zuwera ta tare ni a bakin lungunmu, ta karɓi jakata, ta ce, "Yaya, tsaya in gaya maka. Tun ranar da ka ce sati mai zuwa, kullum da safe sai ya sa a fitar masa da buzu ƙofar zaure, ya fuskanci lungun nan. Likita ya ce ya guji rana, ya ƙi. Ya ce ta nan za ka ɓullo. Kwana tara ke nan da idon ya rufe."

Kwana tara. Na lissafa kwanakin shayin Alhaji, na lissafa ranar alƙalin da ta wuce ni da kwana huɗu, na bari.

Yana nan zaune a kan buzun, fuskarsa na kallon lungu har yanzu, idanunsa a buɗe. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can. Na kasa riƙewa, na ce, "Baba, ba patro ba ne. Ƙarya na yi." Na kwashe duka na faɗa masa, rago, takarda, Alhaji, alƙali. Ina jiran faɗan sunan gida.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Maƙwabciyar ta sami kasonta?"

"Ta samu, Baba."

"To." Ya gyara zama. "Baƙo makaho ne ko da idonsa, wannan ba komai. Ƙaryar ce ba ta yi ba. Da ka faɗa mini, da na kalli wani abu dabam da ɗan abin da ya rage."

Na sunkuyar da kai. Babu abin da alƙalin can zai iya yanke mini da ya kai wannan.

Ya ce, "Shekara talatin da shida kana gabana, kunya ba ta bar ni na dube ka sosai ba. Na ce bari in duba sau ɗaya." Ya miƙo hannuwansa biyu cikin iska. "Matso."

Na matsa. Yatsunsa masu kanta suka sauka a goshina, suka bi gira, suka bi hanci, a hankali, yadda yake bin fata kafin ya yanka. Suka tarar da ruwa a kumatuna. Maƙwabta sun fara taruwa za su yi mini sannu da zuwa, na yunƙura zan tashi in gaishe su. Ya riƙe fuskata.

"Tsaya, Lawali," ya ce. "Ban gama ba."

Na tsaya.